Garin Tasko a Kan Katako: Siffar Gari a Idon Baƙo



Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wasu ƙananan hotuna, baƙi da fari, waɗanda da yawansu ba su fi tafin hannu biyu girma ba. Hotuna ne da ake sassaƙawa a kan katako, a shafa musu tawada, a buga a takarda. Garin da za a ɗauka misali shi ne Tasko, wanda masu shi ke rubutawa Taxco, wani tsohon garin haƙar azurfa da ke maƙale a gefen duwatsun jihar Gerero ta ƙasar Meziko. Tun daga wajajen 1930 masu zane daga ƙasashe dabam-dabam suka yi ta zuwa wannan gari, wasu su yi watanni, wasu shekaru, suna ɗaukar siffarsa.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ɗalibi ko ma'aikaci da hoton wani gari mai nisa haka? Amsar ita ce, hoto shaida ne, kuma shaidar da ba a san yadda ake tuhumarta ba tana iya ɓatar da mai hukunci. Saboda haka za a bi tambayoyi uku. Ta farko, yaya ake yin wannan aiki? Ta biyu, me baƙin suka gani a Tasko, me kuma suka bari? Ta uku, me hotunan suka jawo wa garin da mutanensa?

Yadda Ake Aikin

Duk wanda ya taɓa riƙe hatimin ofis ya riga ya san tushen wannan sana'a. Haruffan da ke jikin hatimi a juye suke, kuma a tashe suke. Wurin da ya taso shi ke ɗaukar tawada, wurin da aka rarake kuwa shi ke barin takarda fara. Haka hoton katako yake, ba ragi ba ƙari. Daɗaɗɗiyar sana'a ce, domin akwai wani littafin addinin Buda da aka buga da katako a ƙasar Sin, wanda ke ɗauke da kwanan wata na shekarar 868.

Amma aikin iri biyu ne, kuma ya kamata a rarrabe su. A iri na farko, ana tsaga itace a tsaye kamar yadda kafinta ke fitar da katako, sannan a yanke hoton da wuƙa da kurfi. Jijiyar itacen tana kwance a fuskar allon, don haka wuƙa takan bi ta da sauƙi ta wani ɓangare, ta yi gardama ta wani. Layukan da ke fitowa masu kauri ne, masu ƙarfi. A iri na biyu kuwa, ana yanka itacen ne a gicciye, kamar yadda mai rake ke yanka shi gunduwa-gunduwa, sai a goge fuskar har ta yi santsi. A nan jijiyar a tsaye take, ba ta hana ƙarfe juyawa duk inda aka so. Ana amfani da itace mai tauri ƙwarai, musamman wanda Turawa ke kira bokis, da wani alƙalamin ƙarfe mai kaifin baki wanda ake tura shi da tafin hannu. Da shi ake iya jan layi siriri kamar gashi.

Mutumin da ya ɗaukaka wannan iri na biyu shi ne Thomas Bewick na Ingila, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1828, ya kuma yi suna da littafinsa na tsuntsayen Birtaniya da ya fito a 1797 da 1804. Da yake ana yanka katakon daidai tsayin haruffan ɗab'i, watau santimita 2 da ɗoriya, ana iya jera hoto da rubutu a buga su tashi ɗaya. Wannan ya sa jaridu da littattafan ƙarni na 19 suka dogara da shi. Da aka gano hanyar buga hoton kyamara kai tsaye a ƙarshen wannan ƙarni, sai sana'ar ta rasa kasuwarta. Daga baya masu zane suka ɗauke ta a matsayin fasaha mai cin gashin kanta, har aka kafa ƙungiyar masu yin ta a Ingila a 1920.

Akwai abu guda a cikin wannan aiki da ya kamata a riƙe, domin sauran bayanin a kansa zai hau. Mai rubutu da alƙalami yana fara wa ne da farar takarda, yana ƙara baƙi. Mai sassaƙar katako kuwa da duhu yake farawa, domin allon da ba a taɓa ba, in aka buga shi, baƙi ƙirin zai fito. Duk inda ƙarfensa ya bi, nan haske ya shiga. Kuma abin da aka cire ba ya komawa, kamar dai yadda mai zanen ƙwarya ba ya iya mayar da abin da ya kankare. Saboda haka kowane abu da ya bayyana a hoton, da niyya aka haskaka shi. Abin da mai aikin bai zaɓa ba yana nan cikin duhu.

Garin da Tarihinsa

Tasko yana kimanin kilomita 170 kudu maso yamma da birnin Meziko, a tudun da ya kai kimanin mita 1,750 daga doron teku. Sunan ya samo asali daga harshen Nahuwatal na mutanen ƙasar, ma'anarsa kuwa wurin wasan ƙwallo. Bayan da Hernán Cortés ya ci daular Aztek da yaƙi a 1521, ya rubuta wa sarkin Sifen a 1524 cewa an sami kuza a wannan yanki, wadda ake haɗawa da jan ƙarfe a ƙera igwa. Ba a daɗe ba aka ci karo da azurfa, garin ya zama ɗaya daga cikin wuraren haƙar ma'adinai na farko da Sifaniyawa suka buɗe a nahiyar. Waɗanda suka yi aikin ramukan su ne 'yan asalin ƙasar da aka tilasta, da bayin da aka kwaso daga Afirka. Tun tsakiyar ƙarni na 16 aka shiga amfani da zaiba wajen tace azurfa a Meziko, zaiba kuwa guba ce ga mai taɓa ta da mai shaƙar ta.

A 1716 wani saurayi mai suna José de la Borda ya iso Tasko. Ya yi ta fama har ya dace da wata babbar jijiyar azurfa, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar. Da dukiyarsa aka gina majami'ar Santa Prisca tsakanin 1751 da 1758, da jan dutse mai haske, da hasumiya biyu masu ado, da kubba mai ƙyalli. Har yau ita ce abin da ido ke fara faɗawa a kai ta kowace kusurwa. A 1803 masanin nan na Jamus, Alexander von Humboldt, ya yada zango a garin, gidan da ake dangantawa da saukarsa kuma yana ɗauke da sunansa. Bayan yaƙin neman 'yanci da ya fara a 1810, harkar azurfa ta ja baya, garin ya yi shiru. Talauci da nisa daga manyan hanyoyi su suka hana a rushe tsofaffin gidaje a gina sababbi. Watau kyan da baƙi suka zo suka tarar, rabinsa gadon arziki ne, rabinsa gadon rashi.

Yadda Baƙi Suka Zo

Abubuwa uku suka haɗu suka buɗe ƙofar Tasko. Na farko, juyin juya halin Meziko na 1910 zuwa 1920, wanda bayansa gwamnati ta sa masu zane irin su Diego Rivera su cika bangayen gine-ginenta da hotunan manoma da ma'aikata, har sunan fasahar ƙasar ya zagaye duniya. A cikin wannan yanayi ne aikin katako ya sake farfaɗowa a Meziko, da taimakon Jean Charlot, Bafaranshen da ya iso a 1921 ɗauke da nasa hotunan katako. Na biyu, hanyar mota daga birnin Meziko zuwa Akapulko da aka buɗe a 1927, wadda ta bi ta Tasko. Na uku, karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929, wadda ta sa marubuta da masu zane da yawa suka ƙosa da rayuwar injuna, suka shiga neman wurin da rai ke da sauƙi, abinci ke da araha.

Jagoran waɗannan baƙi shi ne William Spratling, malamin zanen gine-gine daga jami'ar Tulane ta Amurka, wanda ya zauna a Tasko a 1929. Jakadan Amurka na lokacin, Dwight Morrow, ya jawo hankalinsa ga cewa garin ya shekara ɗaruruwa yana fitar da azurfa, amma ba a ƙera ta a cikinsa. A 1931 Spratling ya ɗauko maƙeran zinariya daga garin Iguwala, ya buɗe maƙera, ya ɗauki yaran gari koyon sana'a. Gidansa ya zama masaukin duk wani mai zane ko marubuci da ya biyo hanya.

Baƙi Huɗu, Ido Huɗu

Na farko shi ne Howard Cook, Ba'amurke, wanda aka haifa a 1901 ya rasu a 1980. Shi ne cikakken matafiyi a cikinsu. Tun yana saurayi ya zagaya Turai da Arewacin Afirka da Asiya yana zane, ya kuma yi suna da hotunan katako na dogayen benayen birnin New York. A 1932 ya sami tallafin gidauniyar Guggenheim, ya tafi Tasko tare da matarsa Barbara Latham, wadda ita ma mai zane ce. An ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma ta tabbata a kansa, domin mutumin da ya saba da zanen ƙarfe da siminti ya koma zaman kasuwa yana zana fuskokin mutane. A nan ya yi zanen bangonsa na farko a wani otal na garin, ya kuma buga hotuna a kan farantin ƙarfe, ciki har da wanda ya sa wa suna Cikin Gidan Meziko a 1933. Da ya koma gida, zanen mutane ya zama babban aikinsa, har ya yi manyan zanen bango a gine-ginen gwamnati a Pittsburgh da San Antonio.

Na biyu shi ne David Alfaro Siqueiros. Shi ɗan Meziko ne, amma baƙo ne a Tasko, kuma ba da son ransa ya je ba. An kama shi a 1930 saboda siyasa, ya yi watanni a kurkuku, sannan aka yi masa ɗaurin talala a garin har zuwa 1932. Yana kurkuku ya sassaƙa ƙananan hotuna a kan guntayen katako, aka buga 13 daga cikinsu a Tasko a 1931 da taimakon Spratling. Hotuna ne masu kaushi, na talakawa da ƙuncinsu. Kafin wannan lokaci ya yi aikin shirya ƙungiyar mahaƙa a jihar Halisko, don haka ya san abin da ke ƙarƙashin dutse. A 1931 ya zana wani babban hoto na fenti mai suna Haɗari a Ramin Ma'adinai.

Na uku shi ne Tamiji Kitagawa, mutumin Japan, wanda ya iso Meziko a 1921. Shi ya shugabanci makarantar zane ta sararin Allah da aka buɗe a Tasko, har ya koma ƙasarsa a 1936. Manufar irin waɗannan makarantu ita ce a ba 'ya'yan talakawa kayan aiki, a bar su su zana abin da suke gani, ba tare da an ɗora musu ƙa'idojin Turai ba. Watau shi ya miƙa wa 'yan gari alƙalamin ne.

Na huɗu shi ne Carl Pappe, haifaffen ƙasar Hungary da ya girma a Amurka. Ya zo Meziko a shekarun 1930, ya zauna a Tasko, ya yi jerin hotunan katako na titunan garin da mutanensa, ya kuma tsufa a can. An ce baƙo raɓa ne, to, wannan raɓa ba ta bushe ba.

Abin da Aka Haskaka da Abin da Aka Bari

Duk wanda ya jera hotunan Tasko na wancan zamani zai ga wasu abubuwa suna ta maimaituwa: hasumiyoyin Santa Prisca biyu, rufin gidaje na jan tayil suna hawa kan juna kamar matakala, lunguna masu daɓen duwatsu suna murɗewa zuwa sama, jakuna da kaya, mata lulluɓe da mayafi a kasuwa. Akwai dalilin sana'a a cikin wannan. Ranar kan tudu tana da ƙarfi, farin bango yana ƙyalli, inuwar lungu kuma baƙa ce wuluk, saboda haka garin da kansa ya riga ya rabu gida biyu, fari da baƙi, daidai bukatar katako. Layukan rufi da duwatsun daɓe kuma sun dace da alƙalamin ƙarfe, wanda ba abin da ya fi iyawa kamar jera ƙananan layuka kusa da juna. Akwai kuma dalilin kasuwa. Allo ɗaya yana fitar da kwafi da yawa, hoton ba shi da nauyi, ba shi da tsada, matafiyi zai iya sa shi cikin akwati. Mai saye kuwa yana son abin da zai tuna masa da hutunsa.

To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da ya gina wannan gari tun farko yana ƙarƙashin ƙasa, kuma da wuya ya fito a hotunan da ake sayar wa baƙi. Hasumiyar tana cikin haske, ramin da ya biya kuɗinta yana cikin duhu. Matar da aka zana tana hawa lungu da tulu ta ƙawata hoton, amma abin da tulun ke faɗa shi ne ba famfo a gidanta. Ba za a ce masu zanen sun yi ƙarya ba, domin duk abin da suka sassaƙa yana nan. Zaɓe suka yi, kuma zaɓen kowannensu ya bi abin da ya kawo shi. Wanda ya gudo daga hayaniyar injuna ya ga kwanciyar hankali. Wanda aka tsare ya ga wahala. Malami ya ga yara masu basira. Da a ce hoton mutum ɗaya kaɗai ya rage, da an ɗauka shi ne garin.

Abin da Ya Biyo Baya

Tun a 1928 jihar Gerero ta kafa dokar kiyaye siffar Tasko, masana 'yan ƙasa kuma suka tsaya a kan lamarin, ciki har da Manuel Toussaint wanda ya wallafa littafi a kan garin a 1931. Ke nan doka ta riga yawancin hotunan zuwa. Sai dai abubuwan biyu sun ƙarfafa juna: doka ta tsare abin da ake zanawa, hotuna suka kai labarinsa ƙasashen waje, baƙi suka zo da kuɗi, kuɗin kuma suka ba hukuma da masu gidaje dalilin riƙe farin bango da jan rufi.

Amfanin a fili yake. Yaran da suka koyi aiki a maƙerar Spratling, irin su Antonio Castillo da Antonio Pineda, sun buɗe nasu, sun yi suna a duniya. Spratling ya rasu a haɗarin mota a 1967, amma ƙirar azurfa ta ci gaba da ciyar da gidaje masu yawa. A 2002 gwamnatin tarayya ta sa Tasko cikin jerin garuruwan da take tallatawa don yawon buɗe ido, kuma da girgizar ƙasa ta taɓa Santa Prisca a 2017, an tashi tsaye wajen gyara ta.

Akwai kuma farashi. Garin da ke ci daga siffarsa dole ya riƙa kama da hotonsa, ko da bukatun mazaunansa sun sauya. Lungun da aka yi don jaki shi mota ke bi. Abincin mutane ya rataya a kan zuwan baƙi, baƙi kuwa jin labarin tashin hankali kaɗan ya isa ya hana su zuwa. A 2007 mahaƙan babban ramin garin suka shiga yajin aiki, haƙa ta tsaya shekara da shekaru, alhali kantunan azurfa na tsakiyar gari suna buɗe, masu ɗaukar hoto suna ta ɗaukar hasumiya. Wannan ya nuna cewa abin da aka bari cikin duhu a 1930 bai fito haske ba bayan shekara 70 da ɗoriya.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan labari ya shafi rukuni biyu na masu sauraro. Ga ɗalibai, duk hoton da aka sa a gabanku a matsayin hujjar tarihi, na katako ne ko na kyamara, ku yi masa tambayoyin da ake yi wa mai ba da shaida: wa ya yi shi, me ya kai shi wurin, kwana nawa ya yi, wa zai saya, me kuma ya rage a bayan allon. Sannan ku nemi shaida ta biyu, kamar yadda aikin Siqueiros ya zama shaida ta biyu ga aikin sauran.

Ga ma'aikata kuwa, musamman waɗanda takardun tsara gari da adana kayan tarihi ke bi ta teburinsu, Tasko ya nuna cewa doka da aka kafa da wuri tana iya ceto tsohon gari, kuma kyan gari dukiya ce da za a iya ci daga gare ta. Ya kuma nuna cewa yabon baƙo ba ya isa ya zama ma'auni. Baƙo yakan ga kyan da ɗan gari ya daina gani saboda sabo, wannan kuwa alheri ne babba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a sa hannu a kan tsarin da zai tsayar da siffar unguwa, ya kamata a ji ta bakin matar nan mai tulu, a kuma sa famfonta cikin lissafi.